Fasahar Magana a Gaban Jama'a

Fasahar magana ita ce mutum ya faɗi abin da yake nufi ta yadda mai sauraro zai gane ba tare da wahala ba, ya gamsu, kuma ya iya tunawa bayan an watse. Buƙatarta ba ta tsaya ga 'yan siyasa da masu wa'azi ba. Ɗalibin da zai kare kundin digirinsa, da ma'aikacin da zai gabatar da rahoto a gaban shugabanninsa, da jami'ar lafiyar da za ta yi wa mata bayani a asibiti, da ɗan kasuwar da ke neman a zuba jari a sana'arsa, duk abu ɗaya ke gabansu: lokaci kaɗan ne, kunnuwa da yawa, ga kuma saƙon da ake so ya isa.

Mutane da yawa sun ɗauka fasaha ita ce jero manyan kalmomi, ko kuwa wata baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita. Malaman balaga ba haka suka ɗauke ta ba. A wurinsu, magana ta kai matsayin balaga idan ta dace da halin da ake ciki da kuma wanda ake yi wa ita, tare da tsarkin lafazi. Wannan shi ne ma'aunin da ɗalibai ke tararwa a littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Jauharul Maknun na Akhdari da Uƙudul Juman na Suyuɗi. A ƙasar Girka kuwa, tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotle ya bayyana cewa abubuwa uku ke sa a yarda da mai magana: amincin da ake gani a tare da shi, da yadda ya taɓa zukatan masu sauraro, da ƙarfin hujjarsa. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya dogara da kalmomi masu wuyar fahimta, kuma dukkansu ana iya koyonsu.

Sanin masu sauraro da saƙo guda

Aikin jawabi yana farawa tun kafin a rubuta kalmar farko, da tambayoyi uku: su wa za su saurara, me suka riga suka sani, kuma me ake so su yi bayan sun ji? Bayani a kan zazzaɓin cizon sauro a gaban likitoci daban yake da bayaninsa a gaban iyaye mata. Likitoci za su nemi alƙaluma da hanyar da aka bi aka samo su. Iyaye mata kuwa abin da ya dame su shi ne alamar da za su gani a jikin yaro da daddare, da lokacin da ya wajaba a garzaya asibiti. Batu ɗaya ne, amma jawabi biyu ne.

Bayan haka sai mai jawabi ya taƙaita saƙonsa a jimla ɗaya tak, wadda zai iya faɗa wa wani a tsaye a bakin ƙofa. Idan ya kasa, alama ce cewa tunanin bai nuna ba tukuna, kuma babu adon kalmomin da zai rufe wannan giɓi. Yawancin in'inar da ake yi a kan dandamali daga nan take tasowa: harshe na laluben abin da ƙwaƙwalwa ba ta gama tsarawa ba. Da zarar an samu jimlar nan, ita ce za ta zama ma'auni. Duk bayanin da ba ya ƙarfafa ta sai a cire shi, komai daɗinsa, komai wahalar da aka sha wajen samo shi.

Tsarin jawabi

Mai karatu yana iya komawa baya ya sake duba sakin layin da ya shige masa duhu. Mai sauraro ba shi da wannan dama. Abin da ya wuce shi ya wuce. Shi ya sa jawabi ke buƙatar tsari mai sauƙi fiye da na rubutu. Mabuɗi ya nuna abin da za a tattauna da dalilin da ya sa ya shafi waɗanda ke zaune. Tsakiya ta ɗauki manyan batutuwa kaɗan, uku ko huɗu, kowanne da hujjarsa da misalinsa. Rufewa ta maimaita saƙon ta kuma faɗi abin da ake so a yi.

Tsakanin batu da batu ana buƙatar 'yan kalmomin da ke nuna wa mai sauraro inda aka kai: "wannan shi ne dalili na farko", "mun gama da matsalar, yanzu ga mafita", "saura abu ɗaya". A rubuce ana iya ganinsu kamar ƙari ne marar amfani, amma a kunne su ne ke dawo da wanda hankalinsa ya ɗan tafi.

Mabuɗi shi ne wurin da aka fi yin asarar lokaci. Sallama da gaisuwa wajibi ne a al'ada, kuma tsallake mai sarauta ko babban malami a taro abu ne da ba a mantawa. Sai dai idan masu jawabi biyar da suka gabata duk sun jero sunayen manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, na shida yana iya ambaton uban taro da shugabansa, ya haɗa sauran a gaisuwa guda cikin ladabi, ya shiga batu. Haka kuma buɗe jawabi da neman afuwa, irin su "ban shirya sosai ba" ko "ni ba gwanin magana ba ne", yana rage kimar abin da za a faɗa tun kafin a faɗe shi. Tawali'u a cikin hali ake ganinsa, ba sai an yi shelarsa ba.

Zaɓen kalmomi

Harshen takarda daban, harshen baki daban. Rahoton ofis yana iya cewa: "Akwai buƙatar aiwatar da matakan inganta samar da tsaftataccen ruwan sha domin rage yawaitar kamuwa da cututtuka a tsakanin ƙananan yara." Jimlar ba ta da kuskure, amma babu mutum a cikinta, babu kuma abin da ido zai gani. A baki sai ta koma: "Idan aka gyara rijiyar burtsatsen unguwar nan, yara za su daina shan ruwan kududdufi, gudawa kuma za ta ragu." Ta biyun ta fi gajarta, ta ambaci abin da kowa ya sani, kuma ta nuna abin da za a yi. Ƙa'idar ita ce gajerun jimloli, da aikatau a maimakon tarin sunaye, da misali a bayan kowace magana ta gaba ɗaya.

Alƙaluma suna buƙatar kulawa ta musamman. Kunne ba ya riƙe doguwar lamba, don haka "kashi 24.7 cikin 100" gara a ce "kusan mutum ɗaya cikin huɗu", a bar cikakken adadin a kan allo ko a takardar da aka raba. A Hausa kuma akwai wani tarko: wanda ya ce "dubu ɗari da hamsin", wani zai ji 150,000, wani kuma 100,050. Mai gabatar da kasafin kuɗi yana kauce wa wannan ta hanyar cewa "dubu ɗari da dubu hamsin".

Cakuɗa Hausa da Turanci, wanda ake kira Ingausa, ya zama ruwan dare a tarukan 'yan boko. Kalmar aro da ta riga ta zauna, kamar kwamfuta ko asibiti, ba matsala ba ce. Matsalar ita ce tsallakawa zuwa Turanci a tsakiyar jimla saboda kalmar Hausa ba ta zo ba, alhali rabin zauren ba sa jin Turancin. Maganinsa shi ne a zauna tun a gida a nemo yadda za a faɗi kowace kalmar fanni. Jahiz, marubucin Basra da ya rasu a ƙarni na 9, ya kawo labarin Wasil bin Aɗa a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin. Wasil ba ya iya furta harafin ra daidai, sai ya horar da kansa har ya riƙa yin doguwar huɗuba ba tare da harafin ya fito ba, yana musanya kowace kalma mai ra da wata mai ma'ana ɗaya. Abin da ya ba shi wannan iko shi ne yalwar kalmomi, ita kuwa karatu da sauraron gwanaye ke kawo ta.

Karin magana da maimaitawa su ne adon da kunnen Bahaushe ya fi so. Karin magana ɗaya da ya faɗa daidai wurinsa yana iya ɗaure batu gaba ɗaya, amma jero biyar a jere yana nuna cewa hujja ta ƙare. Maimaita jimla guda a farkon sassa daban-daban kuwa tsohuwar dabara ce, kuma ita ce ƙashin bayan jawabin da Martin Luther King ya yi a birnin Washington ranar 28 ga Agusta, 1963, inda ya yi ta dawowa kan kalmomi kaɗan har suka zauna a zukatan jama'a.

Murya, sauri da shiru

Wanda tsoro ya kama yakan yi sauri, kamar ana korarsa. Sauri kuwa yana haɗiye ƙarshen kalmomi, yana kuma hana mai sauraro tauna abin da ya ji. Ya zo a hadisai ingantattu cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana magana dalla-dalla ta yadda mai son ƙirga kalmominsa zai iya, kuma yakan maimaita magana sau uku domin a fahimta. Waɗannan abubuwa biyu, natsuwa da maimaita muhimmin batu, har yau su ne farkon abin da masu horar da masu jawabi ke koyarwa.

Shiru ma wani ɓangare ne na magana. Ɗan dakatawa na daƙiƙa biyu kafin muhimmiyar jimla yana jawo hankali, dakatawa bayanta kuma yana ba ta damar shiga. A wurin mai jawabi daƙiƙa biyun suna da tsawo ƙwarai, amma a wurin masu sauraro alamar natsuwa ce. Shirun nan shi ne kuma maganin kalmomin cike giɓi, irin su "wato", "ka gane", "abin nan", "eh to" da "a zahirin gaskiya". Ɗaya ko biyu ba sa ɓata komai, amma idan "wato" ta fito a kowace jimla, sai jama'a su bar sauraron batu su koma ƙirga ta. Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1924 domin koyon magana a gaban jama'a, takan ware mutum guda a zamanta wanda aikinsa shi ne ƙirga irin waɗannan kalmomi a bakin kowane mai magana. Hikimar ita ce yawancin mutane ba su san suna yi ba sai an nuna musu.

Mai karanta jawabin Hausa daga takarda yana da wani ƙarin nauyi. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo siffarsu ɗaya, haka "wuya" ta wahala da "wuya" na jiki. Wanda bai taɓa karanta takardarsa da ƙarfi ba sai ya yi tuntuɓe a irin waɗannan wurare, ya koma baya ya gyara. Game da makirfo kuwa, a riƙe shi kusa da baki ba tare da an manna shi ba, kuma a tuna cewa aikinsa ƙara sauti ne, don haka babu buƙatar ihu.

Tsayuwa da kallo

Akwai wata magana da ta yaɗu a tarukan horarwa, wai kashi 7 cikin 100 kawai na saƙo ke cikin kalmomi, kashi 38 a murya, kashi 55 a fuska. Alƙaluman sun samo asali ne daga gwaje-gwajen da Albert Mehrabian ya wallafa a 1967, waɗanda suka shafi yadda ake gane so ko ƙi idan kalma guda ta saɓa wa murya ko fuskar mai faɗinta. Shi da kansa ya yi gargaɗin cewa ba su shafi kowace irin magana ba. Darasin gaskiya a ciki shi ne kada jiki ya ƙaryata baki. Wanda ke cewa yana da tabbaci alhali idonsa na ƙasa, ƙafafunsa na rawa, jama'a jikinsa za su gaskata.

Abin da ake buƙata kaɗan ne: tsayuwa a kan ƙafa biyu ba tare da lilo ba, hannuwa a sake suna taimaka wa bayani, da fuskantar jama'a maimakon juya musu baya ana karanta allo. A raba kallo tsakanin dama da hagu da tsakiya da kuma na baya. A al'adar Hausa ƙura wa babba ido rashin kunya ne, don haka matashin da ke jawabi a gaban dattawa ba sai ya kafe kowa da ido ba. Ya isa ya ɗaga kai ya riƙa ratsa zauren da kallo cikin ladabi.

Majigi da allo

Tun fitowar manhajar PowerPoint a 1987, allo ya zama abokin tafiyar mai gabatarwa, sau da yawa kuma ya zama kishiyarsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika shafi da rubutu, sannan a tsaya ana karanta shi kalma bayan kalma. Ido ya fi baki sauri, don haka jama'a sun gama karantawa tun mai jawabi yana layi na biyu. Binciken Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya nuna cewa mutane sun fi fahimta idan aka haɗa hoto da bayanin baki, fiye da idan aka ƙara musu da rubutun abin da ake faɗa a kan allon. Saboda haka kowane shafi ya ɗauki batu ɗaya: hoto, ko jadawali mai sauƙi, ko 'yan kalmomi da manyan baƙaƙe da na bayan zaure zai iya gani. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuwa, gwajin shiri shi ne mutum ya iya ci gaba da jawabinsa ko da majigi ya mutu, da 'yar takarda mai ɗauke da kanun batutuwa a hannunsa.

Fargaba

Bugun zuciya, bushewar baki, gumin tafin hannu da rawar murya duk aikin sinadarin adirenalin ne, wanda jiki ke saki idan ya hango haɗari. Ƙwararru ma suna jin haka. Bambancin shi ne sun saba, sun kuma san yakan lafa bayan an fara. Numfashi mai zurfi tare da fitar da iska a hankali yana rage bugun zuciya. Isa wurin da wuri, a ga zauren, a gwada makirfo, a gaisa da wasu daga cikin mahalarta, yana rage baƙuncin wurin. Haddace jimloli biyu ko uku na farko yana taimakawa, domin a nan ne fargaba ta fi ƙarfi. Wani bincike da Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta wallafa a 2014 ya gano cewa waɗanda suka gaya wa kansu cewa ɗoki suke yi kafin jawabi sun fi gamsar da masu sauraro a kan waɗanda suka yi ƙoƙarin tilasta wa kansu natsuwa. Dalili kuwa shi ne ɗoki da tsoro alamominsu a jiki kusan ɗaya ne, don haka sauya wa abin fassara ya fi sauƙi a kan kashe shi.

Atisaye

Tarihi ya nuna cewa gwanaye da yawa da aiki suka kai inda suka kai. Plutarch ya ba da labarin Demosthenes, shahararren mai jawabin birnin Atina, wanda ya fara da raunin murya da gajeren numfashi, ya riƙa yin magana da tsakuwa a baki, yana karanto jawabi yana hawan tudu, yana kuma duba tsayuwarsa a gaban madubi. A Najeriya, Sa Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, kuma ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 lokacin da aka karɓi ƙasar a cikin majalisar, malamin makaranta ne kafin siyasa. Haka Malam Aminu Kano, haka Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule. Aji wuri ne da mutum ke tsayawa kullum yana bayani, yana kuma gani nan take a fuskokin ɗalibai ko an gane ko ba a gane ba.

Atisaye mai amfani da murya ake yinsa, a tsaye, da agogo a gefe. Karantawa a zuci yaudara ce, domin jimlar da ta yi kyau a ido tana iya sarƙe harshe. Wayar hannu ta sauƙaƙa aikin: mutum ya ɗauki kansa, ya saurara, zai ji saurinsa da "wato" ɗinsa da kunnensa. Daga nan sai ya gwada a gaban wanda bai san batun ba, ya tambaye shi abin da ya riƙe. Idan amsar ta yi daidai da jimlar nan guda da aka tsara tun farko, jawabi ya nuna. Ba a so a haddace komai kalma da kalma, domin wanda ya manta kalma ɗaya sai sauran su bi ta. Jerin batutuwa ake riƙewa, tare da mabuɗi da rufewa.

Lokaci da tambayoyi

Ranar 19 ga Nuwamba, 1863, a Gettysburg ta Amurka, Edward Everett ya yi jawabi na kimanin awa biyu, sannan Shugaba Abraham Lincoln ya tashi ya yi nasa cikin kimanin minti biyu, da kalmomin da ba su kai 300 ba. Na Lincoln ake tunawa har yau. Tarukan gabatar da jawabai na TED sun ƙayyade wa masu jawabinsu minti 18, komai girman mutum. A hadisin da Muslim ya ruwaito ma an nuna cewa gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mai yin ta. Wanda aka ba minti 15, ya shirya na 12, domin jawabi a gaban jama'a yakan fi na gwaji tsawo. Kuma idan ya ce "daga ƙarshe", to ya zama ƙarshen ne da gaske.

Lokacin tambayoyi shi ne inda ake gane zurfin sanin mai gabatarwa. Ya saurari tambaya har ƙarshenta ba tare da katsewa ba, ya maimaita ta a taƙaice domin na baya su ji, shi ma ya samu damar tunani, sannan ya amsa abin da aka tambaya kawai. Idan bai san amsa ba, ya faɗi haka, ya yi alkawarin bincikawa. Kame-kame ya fi "ban sani ba" zubar da mutunci. Idan tambayar ta zo da zafi, ya ɗauki batun da ke cikinta ya bar zafin. Wanda ya tashi da sunan tambaya ya ɓige da nasa jawabin, shugaban zama ne ya fi dacewa ya tsayar da shi. Bayan amsa ta ƙarshe, yana da kyau mai jawabi ya sake faɗin saƙonsa a jimla ɗaya kafin ya yi godiya ya zauna, domin kada taro ya watse a kan wata tambaya ta gefe.